Sayen gida a bakin teku lokacin annoba: abin da Bakano ya kamata ya sani

Tun zamanin korona wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa ke tambaya kan mallakar gida a Legas, Kwatano, Gana ko Mombasa, wasu don su kusanci tashar jiragen ruwa, wasu don hutu.

Za a iya saye ba tare da an je an gani ba?

Ana iyawa, amma cinikin biri a sama ne. Lokacin da aka rufe filayen jiragen sama a Maris 2020, dillalai sun koma tura bidiyo ta WhatsApp. Bidiyo ba ya nuna inda ruwa ya tsaya a jikin bango bara, kuma ba ya nuna wanda ya riga ka biya. In tafiya ta gagara, ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ba shi takardar wakilci a kan wannan gidan kaɗai, da ranar ƙarewarta. Kafin alƙalami ya zauna a hannun lauyan har a gama bincike.

Baƙo na iya mallakar ƙasa?

Ya danganta da ƙasar. A Kenya wanda ba ɗan ƙasa ba haya kawai zai riƙe, iyakarta shekara 99. A Gana shekara 50 ce. Don haka ka tambayi shekarun da suka rage a takardar, domin gidan da ya saura shekara 20 ba kuɗinsu ɗaya da sabo ba.

A Legas fa, tunda gida ne?

Nan ma aka fi shan wuya. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka ciniki bai cika ba sai da amincewarsa. Kamar yadda ake bincike a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a can ma lauya zai duba rajistar filaye a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin Legas take, a kai taswirar filin ofishin babban safiyo a tabbatar ba ya cikin wanda gwamnati ta karɓe. Filin gado kuwa, sai shugaban dangi da manyan magada sun sa hannu. In mutum ɗaya ya sayar maka, gobe wani zai zo da tasa takardar.

Me teku ke yi wa gini?

Wannan ne Bakano ya fi rainawa, don ya saba da busasshiyar iska. Gishirin da iska ke ɗaukowa yana ratsa kankare ya ci rodi. Rodin ya kumbura, sai kankaren ya tsage. Ka duba ƙasan rufin kankare da gindin fila: jan tsatsa da ɓarewar filasta alama ce. A irin wurin ana so kaurin kankare a kan rodi ya kai santimita 5, kuma ba a kwaɓa siminti da yashin bakin teku. Kwano, ƙyauren ƙarfe, janareta da na'urar sanyaya ɗaki duk sun fi saurin lalacewa. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar burtsatse, sau da yawa da gishiri-gishiri. Sannan ka tambayi tsofaffin unguwa inda gaɓar take shekara goma baya, don teku na cin ƙasa a gabashin Kwatano da ɓangaren Lekki.

Yaya batun ƙaura da iyali?

Ƙasashen ECOWAS ana shiga ba biza har kwana 90, bayan nan sai izinin zama. Katin rigakafin shawara dole ne. A lokacin korona dokar gwaji da killacewa ta riƙa sauyawa cikin mako guda, don haka in ana annoba a sayi tikitin da ake iya ɗage ranarsa. A tuna iyakokin ƙasa na Najeriya sun kasance a rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Maigida ya fara zuwa shi kaɗai, ya kama haya a unguwar, ya ga damina guda, musamman Yuni da Yuli in a Legas ne, ya auna nisan asibiti da makarantar yara kafin ya saki kuɗi.