Waiwaye: Wa ya ba mai feshi izini?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Nima ko Maamobi, a Accra, lokacin zafi ya san kuɗin cizo ba ya jin lallashi. A shanya katifa a rana, a kwarara wa gado tafasasshen ruwa, bayan mako guda ga shi ya dawo da iyalansa. Daga nan sai maƙwabciya ta ce akwai wani yaro mai feshi, hannunsa na da kyau. Ya iso da tanki goye a baya, da wani ruwa a gorar lemo, ba takarda ba suna. In an tambaye shi me ke ciki sai ya ce, "DDT ne, Hajiya, mai ƙarfin." DDT kuwa tun 1985 aka haramta shi a Ghana. Sunan ne kawai ya zauna a baki ya zama na kowace guba mai wari, kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya suke cewa fiya-fiya.

A dokar ƙasa, wannan yaro bai kamata ya karɓi ko sidi ɗaya da sunan sana'ar feshi ba sai da lasisin hukumar kare muhalli, wato EPA. Yadda aka yi doka ta faɗi haka amma zango bai ji labari ba, sai an koma gonar koko kafin a gane.

Koko ne ya jawo maganin ƙwari cikin ƙasar nan da yawa. A 1938 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar binciken koko a Tafo. Cikin abokan gaban da suka tarar har da wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan reshe har ya bushe, wanda Asantawa ke kira akate. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka tasam masa da Gammalin 20, gona bayan gona. Gwamnati ce ke shigo da magani, ita ke rabawa, ita ke sauƙaƙa farashi, sau da yawa ma'aikatanta ne ke feshin. To wa zai nemi lasisi a hannun gwamnati? Shi ya sa aka shafe shekaru ana zuba guba a ƙasa ba tare da wata cikakkiyar doka a kan mai riƙe da ita ba. Zuwa farkon shekarun 1960 akate ya fara jure wa maganin, shi kuma maganin ya riga ya sulale daga gonar koko: masu tumatir suka ɗauka, wasu masunta suka riƙa zuba shi a rafi su kwashe kifin da ya taso.

An yi doka a 1965, mai lamba 307, amma idonta na kan ƙwari da cututtukan shuka, ba kan gubar da ake kashe su da ita ba. A 1974 aka kafa majalisar kare muhalli, wadda aikinta bai wuce ba da shawara ba. Kura ce ba haƙori.

Abin da ya sauya lissafi shi ne gyaran tattalin arzikin da aka shiga daga 1983. Gwamnati ta riƙa janye hannu daga tallafin kayan noma, cinikin ya koma wurin 'yan kasuwa. Shagunan maganin gona suka cika kewayen Kejetia a Kumasi, aka fara sayar da shi a tebur da kan tire, ana tsiyaya wa mai ƙaramin ƙarfi a ƙananan kwalabe. A cikin wannan hali aka kafa EPA a 1994 da doka mai lamba 490, sannan a 1996 aka yi dokar kula da magungunan ƙwari, mai lamba 528, wadda daga baya aka haɗe ta cikin ta farkon ta zama kashi na biyu.

Dokar 1996 ita ce ta zama ginshiƙi, kuma a takarda ba ta da laifi. Ta ce ba a shigo da magani, ba a haɗa shi, ba a tallarsa, ba a sayarwa, ba a amfani da shi sai an yi masa rajista. Ta kasa magunguna huɗu: na kowa da kowa, na taƙaitaccen amfani, wanda aka dakatar, da wanda aka haramta. Dillali sai da lasisi. Wanda ya ɗauki ma'aikaci feshi wajibi ne ya ba shi kayan kariya. Manomi kuma ba zai girbe ya kai kasuwa ba sai kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da girbi sun cika. Wannan na ƙarshen nakan tuna shi duk lokacin da na wuce lambunan Dzorwulu, inda 'yan'uwanmu da dama daga arewa ke noman latas da kabeji a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Mai saye na son ganye ba huda, ɗan sari na tsaye a bakin kunya da buhu, shi kuma manomi bashi na jiransa. Kwanakin jira a nan ba su da mai ƙirga su sai tsoron Allah.

A 2001 abubuwa biyu suka faru. Wani binciken da aka wallafa kan Akumadan, garin tumatir a yankin Offinso, ya gano ragowar tsofaffin magunguna irin su DDT da Gammalin a laka da amfanin gona, har cikin jini da nonon uwa. A shekarar ce kuma gwamnatin John Kufuor ta dawo da feshin koko kyauta, da rundunonin matasa masu bin gonaki. A 2003 Ghana ta amince da yarjejeniyoyin Rotterdam da Stockholm kan guba masu haɗari, lindane, wato sinadarin da ke cikin Gammalin, shi ma daga bisani ya bi sahun DDT.

In aka lura, duk wannan tsari ya fi kauri a inda kuɗin ƙetare yake. Maganin da za a fesa wa koko sai cibiyar Tafo ta gwada shi, domin masu saye a Turai da Japan na auna ragowar guba a kowane kaya, in ta wuce ƙima su ƙi karɓa. Manyan masu shigo da kaya ta tashar Tema ba su da mafaka, dole su bi layi. Sashen kare shuka na ma'aikatar noma da ke Pokuase na sa ido kan dillalai, ƙungiyar CropLife ta kamfanonin maganin gona kuma ta horar da matasa a karkara su zama masu feshi na haya da kayan kariya. Amma ɗakin da mutum shida ke kwana a Sabon Zango ba ya cikin wannan lissafi. Ba wanda ke auna shi a Turai.

A watan Afrilun 2018 aka ga sakamakon. A Abavana, nan kusa da Kotobabi, yara uku 'yan ɗaki ɗaya suka rasu, biyu daga cikinsu tagwaye da ba su kai shekara ba, bayan an sa ƙwayar turaren hatsi a ɗaki don korar ƙwari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙwayar, wadda sinadarinta shi ne aluminium phosphide, an yi ta ne don rumbu da sito. Da ta sha danshin iska sai ta saki hayaƙin da ba a gani, mai ɗan warin tafarnuwa, wanda har yau ba shi da makari. Tana cikin rukunin taƙaitaccen amfani, ma'ana ƙwararre mai izini ne kaɗai ya kamata ya taɓa ta. Ni dai ban ga laifin iyayen ba. Abin da aka ajiye a kasuwa kusa da maganin sauro, wa zai ɗauka ajali ne? Kuma a gidajenmu na haya, inda bango ba ya kai rufi kuma silin ɗaya ya haɗa ɗakuna biyar, abin da aka turara a ɗaki guda na kowa ne.

Hukumomi sun yi gargaɗi a lokacin, an yi ta magana a rediyo, sannan ƙura ta lafa. A farkon 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar kare muhalli mai lamba 1124, wadda ta maye gurbin ta 1994 ta kuma ɗaga darajar EPA. Rajistar magani da lasisin masu sana'ar suna nan a hannunta.

Matsalar a ganina ita ce lasisin an ɗinka shi ne daidai jikin kamfani: ofis, sito, takardu, kuɗin sabuntawa. Kamfanonin da ke feshin otal da makarantun kwana suna da shi, domin masu ba su kwangila na tambaya. Yaron da ya sayi tanki da kuɗin adashi bai taɓa taka ofishin EPA ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Tankas, wato ma'aikatan duba tsafta da ke zagayen unguwa, su da muke kira saman-saman, za su rubuta maka sammaci kan ruwan kwata a ƙofar gida, mai feshi ya wuce ta gabansu da gorar lemo su amsa gaisuwarsa.

Maganin da aka yi wa rajista yana zuwa ne a mazubinsa na asali, da lambar EPA a jiki, da bayani cikin Turancin Ingilishi, da wani zare mai launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda aka rubuta da Faransanci zalla yawanci ta kan iyakar Aflao ko Elubo ya tsallako a ɓoye. Kwanan baya mai gidanmu ya kira mai feshi, na ce, "Ɗana, ina kwalbar da ka tsiyayo wannan?" Ya ce tana wurin maigidansa a Agbogbloshie. Na ce lasisi fa? Ya laluba aljihu ya miƙo mini katin zama ɗan ƙasa.