Wadda Ke Farke Bayan Kowa Ya Yi Barci

Ƙarfe biyu na dare, cikin damina, wata uwa ta shigo da ɗanta ɗan wata tara. Gudawa da amai sun tsotse shi, maɗiga ta loɓa, ido ya faɗa. Ga wuta ta ɗauke. Ni na haska fitilar waya, nas ɗin ta durƙusa tana laluben jijiya a bayan ɗan hannun nan. Sau biyu jijiyar na ɓace mata. Ko tsaki ba ta yi ba, sai dai ta ce, "Maman yaro, daure ki riƙe min ƙafarsa." A na uku ruwa ya fara ɗiga. Kafin a kira sallar asuba yaro ya kama nono.

Na daɗe ina aikin lafiya a Zariya, kuma wannan nake so jama'a su gane. Likita zai duba, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba, don haka aikinsa yake. Nas ita ce mai zama. Ita ke ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, ta auna jini da zafin jiki, ta juya tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. Numfashin majinyaci ya canza, ita ce farkon ji. Haka abin yake a Asibitin Koyarwa na Shika, haka a Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, haka a Wusasa da ƙananan asibitocin unguwanni. Da mazansu da matansu.

Me ke riƙe su? Ba albashi ba ne. Da shi ne, da duk sun bi 'yan'uwansu da suka tafi Ingila da Saudiyya. Waɗanda na zauna da su, wata mahaifiyarta ce ta rasu wajen haihuwa, tun tana yarinya ta ɗauki alwashi. Wata kuwa ba abin da ke faranta mata rai kamar ta ga wanda aka shigo da shi ranga-ranga ya fita da ƙafarsa. Da yawa lada suke nema, kuma suna da abin koyi: Sahabiya Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a Madina tana jinyar masu rauni, har Sa'ad bin Mu'az a wurinta aka kwantar da shi bayan yaƙin Khandaƙ. Duniya ta ware musu 12 ga Mayu, ranar da aka haifi Florence Nightingale, Baturiyar da ta kafa aikin nas na zamani, a 1820, amma a nan sau da yawa ranar kan wuce ba wanda ya ce musu sannu.

Na sani akwai masu faɗa da gatsali, musamman a ɗakin haihuwa, kuma ba na kare su. Wanda aka wulaƙanta ya kai ƙara wurin babbar sistar da ke kula da ɗakin, haƙƙinsa ne. Sai dai kafin ka ɗaga murya, duba gadaje nawa ke hannun wannan baiwar Allah ita kaɗai, ka tuna tun jiya take tsaye, ta baro nata 'ya'yan a gida.

Ku masu jinya, taimakon da za ku yi wa nas ba na kuɗi ba ne. In an ba majinyaci jiƙo ko rubutu ko wani magani daga kemis, ku faɗa mata gaskiya, don wani maganin ba ya haɗuwa da wani. Kada ku taɓa abin daidaita ƙarin ruwa wai don ya yi saurin ƙarewa, ruwa in ya shiga da gudu yana iya cika huhu, balle ga jariri ko mai ciwon zuciya. In an ce kada ya ci komai kafin tiyata, to ko kunu kada a ba shi a ɓoye. 'Yan dubiya kuma su shiga bibbiyu, sauran su jira a waje.