Waiwaye: Da wane harshe mutanen Weli suke yin addu'a?

Mutanen Weli, waɗanda masana harsuna suka fi rubuta sunansu Weri, ƙaramar al'umma ce a tsaunukan kudancin lardin Morobe na ƙasar Papua New Guinea. Ba su wuce 'yan dubbai ba. Dankali da gwaza suke nomawa a gangaren duwatsu, suna kiwon aladu, kuɗin hannu kuma sai an sayar da kofi. Yawancinsu Kiristoci ne, amma harshen da suke sujada da shi ya daɗe yana sauya hannu, kuma ba a ƙauyukansu maganar ta samo asali ba.

A bakin teku ta faro. A 1884 Jamus ta kafa tutarta a arewa maso gabashin tsibirin New Guinea, Ingila ta riƙe kudu maso gabas. Wannan iyaka ta ratsa ta tsakanin dangin harsunan Goilala, waɗanda Weli ke cikinsu tare da Biangai da Kunimaipa da Tauade da Fuyug. Na kudu, irin su Fuyug, limaman Katolika ne suka iso musu daga tsibirin Yule, inda suka sauka a 1885. Na arewa kuwa, irin su Weli, rabon 'yan cocin Lutheran suka zama.

Johann Flierl, ɗan mishan na Neuendettelsau a Jamus, ya iso Finschhafen a 1886, ya kafa tasha a Simbang. Sai da aka kai 1899 kafin a yi wa mutanen farko baftisma. Wanda ya sauya salon aikin shi ne Christian Keysser a Sattelberg. Ya lura cewa a can ba a raba mutum da danginsa, don haka ya daina bin mutane ɗai-ɗai, ya koma jiran dangi gaba ɗaya su yanke shawara. Daga nan ikilisiyoyin da suka kafu suka fara tura 'ya'yansu cikin tsaunuka a matsayin masu bishara. Mutum zai tafi da matarsa, ya roƙi fili, ya yi bukka, ya yi gona kamar kowa, wani lokaci ya shekara da shekaru kafin wani ya zauna ya saurare shi. A ganina waɗannan ne suka yi ainihin wahalar, ko da yake sunayen Jamusawa tarihi ya fi riƙewa.

To, a ƙasar da harsuna suka haura 800, da wanne za a yi wa'azi? Mishan ta zaɓi biyu: Yabem na bakin teku da Kate na duwatsun Huon. Da su aka buga littattafan makaranta da waƙoƙin yabo, Sabon Alkawari ma ya fito da Yabem a 1924. Yaron tsauni da ke son karatu sai ya fara koyon harshen wasu mutane na nesa da bai taɓa ganin garinsu ba. Wanda ya san yadda Hausa ta zama harshen coci a Filato da kudancin Kaduna ba zai yi mamaki ba: an samu haɗin kai, amma harshen gida ya tsaya a bakin ƙofar majami'a.

Zinariya ce ta kawo harshe na gaba. A 1926 aka gano ta a Edie Creek kusa da Wau, daga baya aka riƙa kawo manyan injunan haƙa zuwa garin Bulolo gunduwa-gunduwa a jirgin sama. Leburori daga ƙabilu barkatai suka cika sansanoni, abin da ya haɗa bakinsu shi ne Tok Pisin, wato Turancin buroka na can. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza wani ɓangarensa a Wau a Janairun 1943, ya ƙara cuɗa jama'a. Bayan yaƙi gwamnatin Ostareliya, mai mulkin ƙasar a lokacin, ta matsa wa makarantun mishan su koma Turanci, Kate da Yabem suka fara ja da baya. Cocin ya bi jama'arsa: Sabon Alkawari ya fito da Tok Pisin a 1969, cikakken Littafi Mai Tsarki a 1989.

Ana cikin haka ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna da fassara Littafi Mai Tsarki, wadda ta shigo ƙasar a 1956 ta yi mazauni a Ukarumpa, ta ɗauki wata hanya dabam: kowace ƙabila ta karanta Nassi da harshen uwarta. Maurice da Helen Boxwell ne suka zauna cikin mutanen Weli, suka yi nazarin sautuka da nahawun harshen tare da 'yan gari, har Sabon Alkawari ya fito a shekarun 1980.

Sai dai fitowar littafi daban, karanta shi daban. Fastocin Lutheran da Tok Pisin ko Turanci ake horar da su, kuma sau da yawa akan tura su yankin da ba su jin yarensa. Matashin da ya je neman kuɗi Bulolo ko Lae da Tok Pisin yake dawowa, wani ma da matar da ba ta jin Weli. Makarantun farko da aka buɗe da harsunan gida a shekarun 1990 sun taimaka wa yara karanta yarensu, amma a 2013 gwamnati ta maida Turanci harshen koyarwa tun daga aji ɗaya.