Waiwaye: Pont du Gard, gadar da Rumawa suka gina wa ruwa

Duk wanda ya ga hoton Pont du Gard a kudancin Faransa, tsayinta ne ke fara ɗauke masa hankali, kusan mita 49 a saman kogin Gardon, hawa uku, bakan gizo 6 a ƙasa, 11 a tsakiya, 35 a can sama. Amma fa ba don mutane su wuce aka gina ta ba, ruwa ne ke bi ta kanta, kuma ita kanta gadar ɗan yanki ce kawai na wata doguwar magudana da Rumawa suka yi a tsakiyar ƙarni na 1 miladiyya don kai ruwa garin da yanzu ake kira Nimes.

Ruwan daga wani marmaro yake fitowa kusa da garin Uzes. In a miƙe ne tsakanin marmaron da Nimes kilomita 20 ne, sai dai tsaunuka sun tare hanya, dole suka bi da magudanar ta zagaye ta yi kwane-kwane har ta kai wajen kilomita 50, yawancinta a binne a ƙasa. To ga inda ni abin ke tsaya min a rai: ba famfo ba inji, gangara ce kawai ke tura ruwan, kuma gaba ɗaya marmaron bai fi garin tudu da mita 13 ba, wato a matsakaici gangarar kusan santimita 25 ce kawai a kowace kilomita ɗaya. In suka zurfafa wani wuri ruwa ya kwanta, in suka ɗaga ya ƙi hawa, haka suka yi ta awo da igiya da sanda da ma'aunin ruwa har aka kai. Ruwan kan yi sama da kwana guda a hanya kafin ya faɗa wani kwarmi mai zagaye a cikin gari, daga nan bututan darma su raba shi zuwa wuraren wanka da unguwanni.

Duwatsun kuwa a gefen kogin aka fasa su, wasu sun kai tan 6, an sassaƙe su sun zauna daram a kan juna, mafi yawa ba abin liƙi a tsakani. Har yau akwai duwatsun da suka turo kai daga jikin ginin, nan ne magina suka ɗora katakan da suke hawa, wasu ma da lambobin da aka zana musu don kowanne ya san mazauninsa.

Ba yaƙi ne ya kashe magudanar ba, rashin kula ne. Ruwan wurin yana barin farin gwiɓi mai tauri irin wanda ke kama cikin butar shayi, da mulkin Rumawa ya yi rauni aka daina kankarewa sai ya yi ta taruwa har kaurinsa ya kai kusan rabin mita a wasu wurare, ga manoma suna huda gefe suna jan ruwa gonakinsu, wajen ƙarni na 6 dai ruwa ya daina isa gari. Mutane suka dinga kwashe duwatsun magudanar suna gina gidaje da coci.

Gadar ta tsira ne saboda ta koma hanya, masu mulkin yankin na karɓar kuɗin wucewa, don haka suna da dalilin kula da ita. Duk da haka ta sha wuya, an taɓa sare gefen ginshiƙan hawa na biyu don a faɗaɗa hanya, saura kaɗan a ja mata rushewa. Tsakanin 1743 da 1747 injiniya Henri Pitot ya gina wata gada a manne da hawan ƙasa domin karusai, sarkin Faransa Napoleon na uku kuma ya sa aka yi mata babban gyara daga 1855 zuwa 1858. UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 1985, a shekarar 2000 aka kammala sake fasalin wurin aka raba ta da motoci, sannan ambaliyar 2002 ta zo ta yi mummunar ɓarna a yankin, gadar tana nan a tsaye.