Katin cikin kwalin sigari: talla ce ko fasaha?

Me ya kai kati cikin kwalin sigari tun farko?

Larura. A Amurka ta shekarun 1880, fakitin sigari takarda ce mai laushi, da an cusa shi a aljihu sai kararen su kakkarye. Sai aka riƙa saka ɗan kwali a ciki ya tokare su. Ɗan kasuwa kuwa ba ya ganin fili ya bar shi fayau. Kamfanin Allen & Ginter na birnin Richmond yana cikin na farko da suka buga hotuna a kai: 'yan wasan kwaikwayo mata, 'yan dambe, tsuntsaye, tutocin ƙasashe. A Ingila, kamfanonin Wills da John Player suka bi sahu.

To ina dabarar take?

A lambar da ke jikin katin. Jeri ake fitarwa, galibi 25 ko 50, kowane fakiti da guda ɗaya, ba ka san wanda za ka samu ba sai ka buɗe. Ka tara 49, lamba 17 ta ƙi fitowa. Yaya za ka canza taba a wannan hali? Yara ma sun shiga ciki tsundum. A Ingila sukan tare manya a bakin kanti suna roƙon kati, su yi musaya, su liƙa a kundi. Uba ke zuƙa, amma sau da yawa ɗa ke matsa masa kan wadda zai saya. Nan ne abin ya daina ba ni sha'awa.

Za a iya kiransa fasaha?

Ƙwarai. Katin bai fi yatsu biyu faɗi ba, amma a bugun farko kowane launi da nasa dutsen ɗab'i, a bi da bi har gashin tsuntsu ya fito sarai. A bayan katin kuma ga taƙaitaccen bayani. A 1938 Wills ya fitar da jerin katuna 50 kan yadda za a kare kai daga ruwan bama-bamai. Yawancin masu zanen ba a ma sa sunayensu ba.

Wanne ya fi tsada?

Na Honus Wagner, ɗan wasan ƙwallon besbol na Amurka, cikin jerin katunan da ake kira T206 da aka fara a 1909. Ya hana a ci gaba da buga hotonsa, shi ya sa kaɗan suka fita. A 2022 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25.

Me ya kashe harkar?

A Ingila dai, ƙarancin takarda ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta daina bugawa a 1940, bayan yaƙin kuma manyan kamfanonin ba su koma gadan-gadan ba.