Waiwaye: Harkar sola a karkararmu ba jiya ta fara ba

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk majalisar da ka zauna a Haɗeja ko Ringim zancen ɗaya ne: ina harkar wuta ta dosa, kuma ina masu kuɗi za su zuba jari? Wasu sun ce manyan tashoshin sola ne za su jawo masana'antu, wasu na jiran bututun gas na Ajakuta zuwa Kano da aka fara a 2020. Ana ta magana kamar da rana tsaka harkar sola ta faɗo.

Tarihin farko kowa ya san shi. An kafa NEPA a 1972, aka yi dokar gyaran fannin lantarki a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Duk tsawon lokacin nan, ƙauyuka da yawa turaku kawai suke gani, wasu ko turakun babu.

Shekarar da ake mantawa ita ce 2016. A cikinta aka sa hannu kan yarjejeniyar manyan tashoshin sola 14, har da na Jigawa. Sai Naira ta faɗi, lissafin dala ya rikice, aka shafe shekaru aikin yana kan takarda. A shekarar dai hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta tsara ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta na gari guda, ba tare da wani ya buga mata ganga ba. A ƙa'idar ta wancan lokacin, wanda tasharsa ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta ishe shi. Daga nan zuwa megawat 1 sai da izini. Aka ba mai tasha damar zama da mutanen gari su daidaita farashi, aka kuma tanadar wa mai izini diyya idan babban layin wutar ƙasa ya iso daga baya. A ganina wannan tanadin ne ya kwantar wa mai jari da hankali, don ba wanda zai ja waya ya kafa turaku yana fargabar gobe a ce ya kwashe.

Waɗanda suka shiga harkar sun gane abu guda da wuri: ƙwan fitila da cajin waya ba sa mayar da uwar kuɗi. Sai garin yana da mai injin niƙa, mai casar shinkafa, mai walda da mai ƙanƙara, masu shan wuta da rana lokacin da farantan sola ke bayarwa.

Da fetur ya yi tsada, sai manomin rani ya tarar da farantan sun yi sauƙi ƙwarai a kan yadda suke a 2010, ga yaran gari da suka iya haɗawa. A fadamar Auyo na ga wani yana ɗora farantansa a amalanke da sassafe, ya jona famfo ya yi ban ruwa, da yamma ya mayar da su gida saboda ɓarayi.

Shi ya sa nake hasashen harkar za ta fi taruwa inda ruwa, shinkafa da kasuwa suka haɗu, irin su Kura, Bunkure, Auyo da Haɗeja. Abin da ya fi damuna shi ne gyara da bashi: injin sola ya lalace a tsakiyar rani, sau da yawa sai an kai shi birni, shuka kuwa tana bushewa.