Juyar da Faifan Garmaho zuwa Kwamfuta

Juyar da faifan garmaho zuwa kwamfuta hanya ce ta naɗar waƙar da ke kan faifai a adana ta, yadda za a riƙa sauraronta a waya, a mota ko a rediyo mai cin memori, ba sai an sake ɗora allura a kan faifan ba. Aikin ba ya gajartuwa. Faifan da ke cin minti 40 sai an zauna masa minti 40, domin kwamfuta tana naɗar abin da allura ke karantawa ne a daidai lokacin da faifan ke juyawa.

Faya-fayan iri uku ne. Mafi tsufa shi ne mai juyi 78 a minti, wanda aka yi da wani ƙaro da ake kira shalak, ga nauyi ga saurin fashewa. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, a 1949 kuma RCA Victor ya kawo ƙarami mai juyi 45. Legas ce ta kasance cibiyar wannan sana'a a Najeriya, inda kamfanin EMI ke da ɗakin naɗar sauti a Apapa, kamfanin Decca kuma a yankin Yaba. Da kaset ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, sai faya-fayai suka koma ƙarƙashin gado da cikin akwatuna. Har yau akan ci karo da su a gidajen Hausawan Agege, Idi-Araba da Obalende, ciki har da na mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar juya faifai, na'urar ƙara ƙarfin sauti, sai ƙaramin akwatin da ke miƙa sautin ga kwamfuta ta wayar USB. Ta tsakiyar ce mutane suka fi mantawa da ita. Tun wajen yanka faifai ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, bisa ma'aunin RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka) da aka tsayar a 1954, kuma ita ce ke mayar da shi yadda yake. Wanda ya tsallake ta zai ji waƙar ta fito siririya, ganga ba nauyi. Wasu sababbin na'urori suna zuwa da duka ukun a haɗe. Faifai mai juyi 78 kuwa allurarsa daban ce, ta fi kauri, saboda layukansa sun fi faɗi.

A Legas wuta ce babbar matsala. Lantarkin Najeriya yana tafiya ne a kan bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, na Amurka kuwa bolt 120 da zagaye 60. Tsofaffin na'urori da dama suna ɗaukar saurin juyinsu daga wannan zagayen. Saboda haka in mutum ya sayo tokumbo 'yar Amurka a kasuwar Alaba, ko da ya sa mata taransifoma, za ta iya juyawa da kashi biyar cikin shida na saurinta, muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya riƙa jan ƙafa. Ƙaramin janareta ma haka yake, ƙarfinsa na hawa da sauka, waƙar na bin sa. Na'urori masu daidaita saurinsu da kansu, irin Technics SL-1200MK2 ta 1979, ba ruwansu da wannan. Akwai kuma gurnanin da ke shiga sauti in ba a ɗaure siririyar wayar da ke bayan na'urar juya faifai a mazauninta na jikin na'urar ƙara ƙarfin sauti ba.

Sai tsabta. Laimar Legas tana haifar da fumfuna a cikin kwali, ƙura kuma ta cushe layukan, allura na bi ana jin ƙaras-ƙaras. Ana wanke faifan roba da tataccen ruwa da burushi mai laushi, a bi layukan a kewaye, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. Shalak kam ba a kusantar sa da sifirit, narkar da shi yake yi.

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Audacity, wadda ta fito a 2000, kyauta ce. Ana naɗar fuska ɗaya gaba ɗaya, daga baya a yanka ta waƙa-waƙa, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan. Kada a cika ƙarfin sautin har ya kai maƙura, in ya fashe ba ya gyaruwa. Manhajar na iya goge ƙaras-ƙaras, amma a nan ake yawan ɓata aiki: in aka matsa mata, takan ɗauki bugun kalangu ko kaɗin kuntigi a matsayin datti ta dusashe shi. Barin ɗan ƙaras ya fi wannan asarar sauƙi.

A ma'aunin faifan CD, minti ɗaya na cin kusan megabait 10, wato faifan minti 40 zai kai megabait 400 a WAV, tsarin ajiye sauti ba tare da an matse shi ba. Tsarin FLAC yana rage shi zuwa wajen rabi ba tare da zubar da komai ba, MP3 kuwa yana zubar da wani ɓangare don ya ƙanƙance. Abin da ya fi shi ne a ajiye na asali a FLAC a wuri biyu, a fitar da MP3 don waya. Mallakar faifai ba mallakar waƙar ba ce. Sayar da abin da aka juya ko watsa shi a intanet na ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.